Ɗakin karatunmu ya zama sito, yara kuma waya suke so: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare ta jeka-ka-dawo. A farkon wannan zangon shugaban makaranta ya damƙa mini makullin ɗakin karatu, saboda ba mu da ma'aikacin laburare. Littattafan ciki tsofaffi ne, ƙura ta rufe su, yara ba sa shiga sai an kora su. Amma a gida kowa na manne da wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa, ana kallon bidiyo, ana sauraron littattafai. Na ji an ce a wasu ƙasashe ɗakin karatu ya zama wurin da ɗalibai ke haɗa shirin rediyo da bidiyo da littattafansu da kansu. Wannan karatu ne ko wasa? Kuma mu da ba mu da kwamfuta, ba mu da wutar kirki, akwai abin da za mu iya?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taya ki riƙon wannan amana. Na yi shekaru ina aikin ɗakin karatu a makarantun sakandare, kuma ɗakin da kika siffanta na san irinsa: kantoci sun sha ƙura, an jibge karyayyun kujeru a kusurwa, ƙofa ba a buɗe ta sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani. Ɗalibin da ya ɗauki murya, ya zana taswira, ya haɗa ɗan littafi, za a ce ya yi karatu? Sannan ɗakin da babu kwamfuta zai iya ɗaukar wannan aiki? Amsata ga duka biyun ita ce e, amma da sharaɗi guda, kuma wannan sharaɗin shi ne ainihin aikin da ya rataya a wuyanki: duk abin da yaro zai haɗa, ya zama ya san inda ya samo shi, kuma zai iya kare shi idan an tambaye shi. In aka rasa wannan, wasa da waya kawai aka yi. In aka same shi, yaron ya yi karatun da ya fi hadda zurfi.

Inda maganar ta samo asali

Abin da kika ji ya yi ƙarfi ne a Amurka. A 2006 wani malamin jami'a mai suna Henry Jenkins da abokan aikinsa suka fitar da rahoto a ƙarƙashin Gidauniyar MacArthur, inda suka lura cewa matasa a intanet ba zaman 'yan kallo suke yi ba. Suna rubuta labarai, suna haɗa waƙa da hoto, wanda ya iya yana nuna wa sabon shiga, kowa kuma yana jin abin da ya kawo yana da daraja a wurin sauran. Amma rahoton bai tsaya ga yabo ba. Ya nuna matsaloli uku da ba sa warware kansu: ba kowane yaro ke da hanyar shiga wannan harka ba, yara ba sa gane yadda kafofin da suke bi ke juya musu tunani, kuma babu mai koya musu haƙƙin mutanen da suke yaɗa hotonsu ko maganarsu. In kin duba da kyau, waɗannan ukun tun asali aikin ɗakin karatu ne: daidaita mai shi da marar shi, tantance labari, da sanin haƙƙin mai abu.

A 2009 babban ɗakin karatun birnin Shikago ya ware wa matasa wani sashe mai suna YOUmedia, aka gina shi a kan binciken wata masaniya, Mizuko Ito, wadda ta nuna cewa matashi yakan fara da zaman hira da abokai, daga nan ya shiga taɓe-taɓe da gwaje-gwaje, sannan in abin ya kama shi ya nutse a ciki har ya ƙware. Masu ba da labarin wurin sukan tsaya a kan kyamarori da ɗakin naɗar murya. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne littattafai suna nan a tsakiyar kayan aikin, kuma akwai manya masu sana'a da ke zaune da yaran suna duba abin da suke yi. Ɗakin karatun Oodi da aka buɗe a Helsinki ta ƙasar Finland a 2018 har kekunan ɗinki yake da su, amma wannan harkar masu kuɗi ce, ba ita za mu kwaikwaya ba.

Kuma kada ki ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, tana da littattafai a gidansu, amma ba ta ce matan ƙauyuka su zo su zauna su karanta su ba. Ta mayar da ilimin waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, ta koyar da jajoji, wato matan da ta horar su zama malamai, ta naɗa musu malfa, suka ɗauki waƙoƙin a ka zuwa garuruwansu suna koyar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, waɗanda aka koya wa su ma suka koyar. Ilimi ɗaya ne ya tashi daga takarda zuwa waƙa, daga waƙa zuwa zaure da tsakar gida, kuma ɗalibar jiya ita ce malamar gobe. A Nijar, tun daga 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, inda ake aika mutum da rakoda ya ɗauko ra'ayin manoma a ƙauye, a sa a rediyo, mutane su taru su saurara su yi muhawara. Ko yaranki na yau, dubi yadda suke bin littattafan Hausa: marubuciya ta saki shafi a WhatsApp, masu karatu su yi ta sharhi har wani lokaci su sa ta canja akalar labarin, wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube, mai shagon turi ya zuba wa mutane a memori. Sun riga sun saba da labari mai yawo daga wannan kafa zuwa waccan. Abin da ba su samu ba shi ne babba da zai tambaye su: wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani?

Abin da ya hana su shiga

Kafin a ɗora wa waya laifi, a tuna cewa ɗakunan karatun makarantunmu da yawa sun mutu tun kafin waya ta zo. Mafi yawan littattafan da Turanci suke, Turancin kuma ya fi ƙarfin yaron da ke aji ɗaya ko biyu. Babu sa'ar ɗakin karatu a jadawali, in ma akwai malamin lissafi ya ara bai mayar ba. Jarrabawa tana neman abin da ke cikin littafin rubutu, don haka yaro bai ga dalilin neman wani littafi ba. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: duk wanda aka ba makulli yana tsoron a ƙirga littattafai a ga sun ragu a ce ya biya, sai ya ga kullewa ta fi masa kwanciyar hankali. Masanin nan na Indiya, Ranganathan, da ya tsara dokokinsa biyar na aikin laburare a 1931, ta farkonsu ita ce an yi littattafai ne domin a yi amfani da su. Ki zauna da shugaban makaranta tun yanzu ku fahimci juna a kan wannan. Littafin da ya yage a hannun ɗalibai ya yi aikinsa, wanda gara ta ci a kanta shi ne asara.

Amma babban dalili a ganina shi ne babu komai a ɗakin da ya san yaron. Babu sunan unguwarsu, babu sana'ar mahaifinsa, babu maganar kakarsa. Yana shiga ne a matsayin baƙo da aka ce ya yi shiru.

Hanyoyin da ke gabanki ba su da yawa. Kina iya rubuta takardar neman kwamfutoci ki zauna jira. Ki rubuta, babu laifi, amma na ga ɗakunan da aka cika da kwamfutoci aka yi bikin buɗewa, bayan shekara guda an lulluɓe su da leda saboda babu wuta, babu mai gyara, kuma babu wanda ya taɓa tsara abin da yara za su yi da su. Kina iya kuma share ɗaki, ki jera littattafai, ki kafa dokar shiru. Wannan wajibi ne, sai dai zai jawo miki yaran nan biyar ko shida da dama can masu son karatu ne, sauran ba za ki gan su ba. Hanyar da nake ba ki shawara ita ce ki ba yara aikin da ba zai yiwu ba sai sun shiga ɗakin, ba zai yiwu ba kuma sai sun fita daga cikinsa.

Aikin ruwan unguwa

Bari in ba ki misalin da na fi sani, domin gani ya kori ji. A wata makaranta da na yi aiki, ni da malamin labarin ƙasa muka ba 'yan aji biyu na babbar sakandare tambaya guda: daga ina ruwan unguwarku yake zuwa, kuma daga ina yake zuwa lokacin da kakanninku ke yara? Muka raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, bisa ga unguwannin da suke zaune. Kayan aikinmu waya guda ce ta hannu da muka saya mai araha, babu layi a cikinta, sai kwalaye, da biro mai launi, da littafin rubutu ga kowane rukuni.

Makon farko babu wanda ya taɓa wayar. Suka zauna a ɗakin karatu suna neman abin da littattafai suka ce game da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da damina, da cututtukan da ruwa ke kawowa. Tsofaffin littattafan nan da kike ganin ba su da amfani, a nan suka yi rana, domin yadda rijiya ke tara ruwa bai canja ba. Yaron da ke da tambaya a ransa yakan karanta shafin da da can ko kallonsa ba zai yi ba. Daga abin da suka karanta suka fitar da tambayoyin da za su yi wa mutane, na duba, na soke waɗanda amsarsu e ce ko a'a, suka gwada hira a tsakaninsu har suka daina katse mai magana.

Mako na biyu da na uku suka fita da wayar, rukuni bayan rukuni, ana sa hannu a rajista kamar yadda ake aron littafi. Sun yi hira da 'yan garuwa, da mai haƙar rijiya, da tsofaffin unguwa, da matan da ke sayen ruwa kullum. Wani rukuni ya ƙirga jarka nawa gidajensu ke saye a mako, suka lissafa kuɗin wata, malamin lissafi da ya ga takardar ya nemi a bar masa ita.

Wurin da karatu na gaskiya ya faru shi ne lokacin mayar da murya rubutu. Hirar minti goma takan ci musu fiye da awa guda. Ke da kike malamar Hausa za ki ji daɗin wannan wurin, domin a nan ne yaro ke gane bambancin "ƙasa" da "kasa", da "ɓari" da "bari", a nan ne ake gardama a kan inda ake raba kalma, da ko za a rubuta maganar tsoho da karin harshensa ko a mayar da ita daidaitacciyar Hausa. Mun yanke cewa maganar mutum a bar ta yadda ya faɗe ta, bayanin ɗalibai kuma ya bi ƙa'ida. Darasin ƙa'idojin rubutu da ake yi a allo yara na hamma, ga shi sun yi shi da kansu saboda suna bukatarsa.

Sai wani rukuni ya zo mini da damuwa. Tsofaffi biyu sun ba su labarin wata rijiya, ɗaya ya ce tun yana yaro take, ɗayan ya ce a shekarar babban fari aka haƙa ta. Suka ce, "Malam, wanne za mu rubuta?" Ban ba su amsa ba. Na tambaye su shekarun kowane tsoho, da ko a unguwar aka haife shi, da ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Suka koma kanta suka samo cewa an yi mummunan fari a yankin Sahel a 1973, suka koma wurin tsofaffin da sababbin tambayoyi. Ashe duka biyun gaskiya suka faɗa: rijiyar tsohuwa ce, amma a farin ta ƙafe aka ƙara mata zurfi. Na ce musu abin da suka yi ba sabo ba ne, shi ne abin da malaman hadisi suke yi idan ruwayoyi suka saɓa, a duba mai ruwaya, a duba daga wa ya ji. Daga ranar kalmar isnadi ta shiga bakin yaran. Wani ya kawo labari daga Facebook, sai ka ji ɗan'uwansa ya ce, "Ina isnadinka?" Ban san wata hanya da ta fi wannan koya wa yaro tsayawa kafin ya tura saƙon da aka turo masa ba.

A ƙarshe kowane rukuni ya fitar da abu uku daga bincike ɗaya: shirin murya na kamar minti goma, taswirar unguwa a kwali da wuraren ruwa na da da na yanzu, da ɗan littafi da Hausa mai taƙaitawa da Turanci a bayansa. Dalilin yin uku maimakon ɗaya shi ne kowace kafa tana tilasta wa yaro wani irin tunani. Murya tana ɗauke da tausayi, ka ji numfashin ɗan garuwa yana faɗin sawu nawa yake yi a yini. Taswira ba ta yarda da "can wajen" ba, sai ka nuna daidai wurin. Rubutu kuma shi ke neman hujja da tsari. Yaron da ya faɗi abu ɗaya ta hanya uku ba kwafa ya yi ba, domin ba a iya juya abin da ba a fahimta ba. Wani amfanin kuma, labarin rijiyar unguwarku ba ya cikin intanet, babu manhajar da za ta rubuta wa yaro shi, dole ya taka da ƙafarsa.

Abin da ya sa wannan aikin ɗakin karatu ne

Malami a aji zai iya ba da irin wannan aiki, ya duba, ya ba da maki, takardun su ƙare a hannun mai ƙosai. Bambancin ɗakin karatu shi ne yana ajiyewa, yana kuma ba da aro. Mun buga wa kowane ɗan littafi hatimi, muka ba shi lamba, muka shigar da shi rajista da sunayen marubutansa, muka ware masa kanta. Muryoyin muka zuba a memori biyu, ɗaya a ɗakin, ɗaya a ofis, da takardar da ke nuna wa aka yi hira da shi, yaushe, a ina, wa ya ɗauka. Ba na mance wata yarinya marar yawan magana da ta tsaya tana kallon sunanta a layin marubuta, a rajistar da ke ɗauke da sunayen manyan marubutan da ake karantawa a aji. Washegari ta kawo ƙanwarta ta nuna mata.

Da shekara ta zagayo, 'yan ajin da suka biyo baya suka ari littattafan, suka tarar an haƙa sabuwar burtsatse da babu ita a taswira, suka kuma gano kuskure a lissafin wani rukuni. Suka yi bugu na biyu, suka ambaci na farko. Dokar Ranganathan ta biyar ta ce ɗakin karatu abu ne mai rai da ke girma, kuma a makarantar da ba a sayen sababbin littattafai, wannan ita ce hanyar girman da ke hannunki. Arewa House a Kaduna, da aka kafa a 1970, manyan masana ke zuwa neman tarihin Arewa a cikinsa, amma tarihin kasuwar ƙauyenku ko marinar unguwarku, in makarantarku ba ta tara shi ba da wuya wani ya tara.

Kurakuran da na yi, don kada ki maimaita

Karon farko da bidiyo na fara, kuma na bar yara su yi amfani da wayoyin gida. Abin da ya faru shi ne yaran da ke da babbar waya a gidansu suka zama shugabanni, sauran suka zama 'yan rakiya, 'yan mata kuma aka bar su da riƙon jaka. Bidiyon ya fito da kiɗa da rubutu mai walƙiya, amma da na tambayi masu shi abin da suka gano, babu amsa. Tun daga nan nake farawa da murya. Ba ta cin wuri a waya, ba ta cin caji, mutanen da ba za su yarda a ɗauki fuskarsu ba, musamman mata a cikin gida, sukan yarda a ɗauki muryarsu, kuma babu ƙyale-ƙyalen da zai rufe rashin abin faɗa. Waya kuma ta makaranta ce, kowa ya taɓa ta. Ayyukan rukuni suna zagayawa: mai tambaya yau shi ne mai rubutu gobe. 'Yan matan da ba a bari su fita yawon hira, na gane cewa suna da abin da maza ba su da shi, domin su ke iya shiga wurin kakanni da matan aure, kuma hirarrakin da suka kawo sun fi na kowa armashi.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Wani yaro ya tura wa abokinsa hirar wata dattijuwa, ta yi ta yawo a waya har ta koma kunnen 'ya'yanta, a ciki kuwa ta ambaci wani tsohon rikicin gado. Sai da na je gidan da kaina na ba da haƙuri, kuma laifina ne, domin ban kafa doka tun farko ba. Yanzu kowace hira da neman izini take farawa, a cikin muryar kanta: ga ko mu su wane ne, ga abin da za mu yi da maganarki, kin yarda a saurara a makaranta, kin yarda a ambaci sunanki? Babu abin da ke fita daga wayar sai na saurara. Iyaye kuma a sanar da su a rubuce kafin a fara, kuma kada a ɗora hoton yaro ko cikakken sunansa a intanet. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko babu doka, amana ce.

Idan kwamfuta ta samu

Ko da guda ɗaya ce, tsohuwa, da ɗan farantin sola, za ta yi aiki mai yawa, kuma abubuwan da zan ambata kyauta ne. Manhajar Kiwix tana ba ki damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ki yi amfani da ita babu data. Audacity na gyaran murya ne, yara kan koye shi a zama biyu. Bloom, na ƙungiyar SIL, an yi shi ne domin haɗa ƙananan littattafai da kowane harshe, har ana iya sa musu murya. Shafin African Storybook yana da labaran yara da Hausa, kuma lasisinsu ya yarda a fassara, a gyara, a buga. Wannan na ƙarshen ya dace da darasinki: 'yan babbar sakandare su fassara ko su rubuta labari, su zana hotuna, su je firamaren da ke kusa su karanta wa ƙannensu. Wanda ya san yara 'yan shekara bakwai za su saurare shi yakan gyara jimlarsa ba tare da an ce ya gyara ba. Game da rubutu a Wikipedia ta Hausa, ki bar shi sai sun ƙware, domin can ba a karɓar binciken da mutum ya yi da kansa, sai abin da aka riga aka wallafa, kuma yaron da aka goge masa rubutu a karon farko yakan karaya.

Maki da lokaci

Abin da ba shi da maki a makarantunmu ba ya daɗewa. Ki nemi malami ɗaya, ba duka ba, wanda zai yarda aikin ya shiga makin gwajin zango, kuma ki ɗauko batun daga cikin manhajar karatu domin kada a ce kin kauce. A darasinki kaɗai akwai sana'o'in gargajiya, da waƙoƙin baka, da karin magana, da bukukuwa, duka kuwa a bakin mutane suke fiye da littafi. Wajen ba da maki, kada kyan abin ya ruɗe ki. Ki duba littafin rukuni: tambayoyin da suka tsara, abin da suka karanta da shafinsa, rubutun hira, inda suka sami saɓani da yadda suka warware. Sannan ki ware kowane yaro ki yi masa tambaya biyu da baki. A nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe a bayan 'yan'uwansa.

Iyakar abin

Ba zan yi miki alkawarin cewa wannan zai ɗaga sakamakon WAEC ko NECO ba. Abin da na gani da idona shi ne yara sun fi iya tambaya, rubutunsu ya gyaru, aron littafi ya ƙaru, amma jarrabawa tana da nata shiri, kuma 'yan ajin ƙarshe ban cika sa su cikin wannan aiki ba. Haka kuma ba ya maye gurbin zama shiru da littafi mai tsawo. Yaron da bai iya karatu sosai ba yana iya ɓuya a bayan murya da zane har zango ya ƙare, don haka ki sa ido, ki kuma bar wasu ranaku na karatu zalla, da littattafan Hausa masu daɗi a kantar da ke kusa da ƙofa. Ƙwarewata kuma a makarantun jeka-ka-dawo na cikin gari take. A makarantar kwana, ko wurin da rashin tsaro ya hana yara yawo, sai a juya abin: a gayyato maƙeri ko ungozoma ko tsohon malami ya zo ɗakin karatu a yi hirar a nan, ko a ba da aikin lokacin hutu.

Akwai kuma nauyin da zai hau kanki, ga darasi ga ɗakin karatu, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Shi ya sa nake cewa aji ɗaya, tambaya ɗaya, zango ɗaya. Ki zaɓi yara huɗu ko biyar su zama masu kula da ɗakin, su riƙe rajista, su yi shara, su koya wa na bayansu riƙon waya da neman izini. A wannan makon, ki buɗe tagogi, ki sa a fitar da karyayyun kujerun nan, ki share kanta guda a daidai tsayin idon yara ki bar ta babu komai, ki manna mata takarda mai cewa "Littattafan ɗalibanmu". Za su tambaye ki ina littattafan suke, daga nan sai ki ba su tambayar zangon.